Tsuntsun da Sumie Kaɗai Take Ji

Shekara talatin da takwas na yi ina raba wasiƙu a garinmu, don haka idan na ce na san mutum, ba sunansa kawai nake nufi ba. Na san wanda yake rubuto masa, na san wanda ya daina. Ochi Sumie kuwa na san ta tun tana amarya a gidan Ochi, gida na ƙarshe a gindin Dutsen Togura, dab da gada, inda nake juya babur ɗina in komo cikin gari.

'Yar masunta ce daga bakin teku, siririya, mai ƙarancin magana. Ta yi wasu shekaru tana aiki a kicin ɗin da ake dafa wa makarantun gari abincin rana, har uwar mijinta ta sami shanyewar ɓarin jiki. Daga nan ta ajiye aiki. Mijinta direban babbar mota ne, sai ƙarshen mako ake ganinsa, don haka jinya kanta ta faɗa. Shekara goma sha ɗaya tana juya tsohuwar nan, tana yi mata wanka, tana ba ta kunun shinkafa da cokali. Duk sanda na kawo wasiƙa nakan hango ta a tagar ɗakin baya, ta karkatar da kai gefe ɗaya kamar mai saurare. Ni dai a lokacin na ɗauka hirar maƙwabta take nema, ko da yake ba ta da maƙwabci a wannan ɓangaren sai daji.

Ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye Irie-sensei, wato Malam Irie, shi ne ya kafa ta a 1979, lokacin yana koyar da kimiyya a sakandare. Mu shida muka fara. Lahadin farko na kowane wata, ƙarfe bakwai na safe, mu haɗu a gada, mu hau dutsen a hankali har ɗakin bautar da ke can sama, ko ruwa ake yi ko sanyi. Idan mun isa sai mu yi da'ira a farfajiya, a zuba koren shayi daga filas, a yi abin da muke kira haɗa tsuntsaye. Sensei zai kira sunan tsuntsu, wanda ya gan shi ko ya ji kukansa ya ɗaga hannu ya faɗi adadi. Doka ɗaya ce tun ranar farko: tsuntsu ba ya shiga kundi da shaidar mutum ɗaya, sai biyu. Ni nake riƙe da kundin tun 1991, kuma ban taɓa rubuta ko da gwara ɗaya a kan hannu ɗaya ba.

Akwai zamanin da muka kai mu sittin da uku, har motar haya muke ɗauka zuwa bakin teku kallon agwagin ruwa. Sannu a hankali wasu suka koma wurin 'ya'yansu a birni, wasu gwiwa ta hana, wasu muka raka su makwancinsu. Lokacin da nake ba da labari mu goma sha ɗaya ne, kuma autanmu shekararsa sittin da takwas.

Yabusame shi ne abin alfaharin dutsenmu. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai ruwan ƙasa, wutsiyarsa guntuwa kamar an datse ta, yana zuwa a watan Afrilu ya shige ƙarƙashin ciyawar gora. Ganinsa sai an yi babbar sa'a. Da kukansa ake ƙirga shi, wani siririn sauti mai kama da na gyare, yana farawa ƙasa-ƙasa yana ƙara ƙarfi. A kundayenmu na farko za ka ga goma sha biyu, goma sha huɗu a fita ɗaya. A 2004 wani kamfani ya sare gangaren ƙasa don haƙar tsakuwa, kuma daga lokacin adadin ya kama sauka: tara, shida, uku. Na ƙarshe a 2013 aka rubuta shi. Sensei ya tattara wannan duka ya buga ɗan littafi, hotonsa a baya, ya nuna yadda sara ɗaya ya kori tsuntsu daga dutse baki ɗaya. Yanzu kuma kamfanin ya dawo yana son gangaren sama don kafa farantan sola, majalisar gari ta sa ranar sauraron jama'a a ƙarshen watan Yuni. Littafin Sensei da kundayena su ne duk abin da za mu shiga da shi.

A tsakiyar wannan ne Sumie ta shigo ƙungiya, shekara guda bayan rasuwar uwar mijinta. Shekarunta arba'in da bakwai. Mun yi murna, ba zan ɓoye ba, don rabonmu da sabon mamba an kai shekara tara. Duk lokacin sanyi ba ta ba mu matsala ba. Ita ke ɗaukar jakar Sensei, ita ke tattara kofuna. Madubin hangen nesanta mai araha ne, kuma da ƙyar take ɗaga shi. Sunayen tsuntsaye ma ba ta sani ba, sai ta ce, "Wancan mai kuka sau biyu ya yi shiru." Manabe, ko Manabe-san yadda muke kiranta don girmamawa, matar da ke sayar da kayan miya a bakin tasha, tana yi mata dariya tana faɗa mata sunan.

Lahadin farko na Afrilu muna da'ira, Sensei yana kiran sunaye. Hankaka, hannu goma sha biyu. Shirwa, hannu takwas. Da ya zo kan yabusame ya kira shi ne kawai don al'ada, idonsa ma ya riga ya sauka layi na gaba. Sai Sumie ta ɗaga hannu.

"Huɗu," ta ce.

Sensei ya leƙo ta saman tabarau.

"Huɗu me, Ochi-san?"

"Wanda ka kira, Sensei. Na saurari kukansa a faifan da ka ara mini. Shi ne. Biyu kusa da gada, ɗaya a kwanar gora, ɗaya a bayan wurin nan."

Manabe-san ta tuntsire da dariya. "Yarinya, gyare kika ji. Mu ma mun yi irin wannan da muna sababbi."

"Gyare a Afrilu, Manabe-san? Da safe?"

"To wani ƙwaron ne. Ke dai sha shayinki."

Sensei ya tambaya ko akwai hannu na biyu. Babu. Na bar gurbin a buɗe, muka wuce.

A hanyar saukowa abin ya tsaya mini a rai. Kuskuren sabon shiga na san shi, yakan zo da kame-kame. Wannan kuwa ta faɗi adadi, ta faɗi wurare, ba ta ko ƙifta ido ba. Kuma me ya sa sai yanzu, ƙasa da wata uku kafin zaman majalisa? Ina kwance takalmina a ƙofar gida sai na tuna. Kafin aure sunan gidansu Hyodo ne. Akwai Hyodo Shigeru, ƙaninta, kuma na sha kai masa wasiƙu masu tambarin kamfanin nan. Katafila yake tuƙa musu.

Daga ranar na sa mata ido. Na yi ritaya, amma ƙafata ba ta manta hanyar gada ba. Sau biyu na ga ƙaramar motar kamfanin a ƙofar gidanta. Sau ɗaya na ga Shigeru yana fitowa da kwano a lulluɓe. Na kai wa Manabe-san labari a shagonta, ta ajiye kabejin da ke hannunta.

"Ashe! Shi ya sa take ɗaukar jakar Sensei, don ta ga abin da ke ciki."

"Ni ban ce ba."

"Ka ce mana, Teraoka-san. Kai kullum haka kake, ka ajiye wa mutum wasiƙa ka ce ba ka san abin da ke ciki ba."

Lissafin a fili yake a wurinmu. Idan yabusame ya shiga kundi a bana, kamfani zai miƙe a gaban majalisa ya ce ga shi nan, sara bai kori komai ba, ko kuma tsofaffin nan ba su san abin da suke rubutawa ba. Mutum ɗaya kawai take buƙata ya ɗaga hannu tare da ita.

A watan Mayu ta ce shida. Wannan karon ta zo da shiri. Ta ciro wayarta ta ce ta ɗauki sautin a kwanar gora, ta ajiye ta a kan dakalin farfajiya ta kunna. Mu goma sha ɗaya muka sunkuya a kan wayar nan, kawunanmu na gugar juna. Aka ji ƙarar rafi, aka ji iska, aka ji tarin wani daga nesa.

"Ga shi nan," in ji Sumie. "Ga shi kuma. Kun ji ya ƙara ƙarfi?"

"Ni tarin Teraoka-san nake ji," in ji Manabe-san. "A rubuta shi, Sensei, mu biyu muka ji."

Aka yi dariya, amma Sensei bai yi ba. Kunnuwansa sun yi ja. Shekararsa tamanin da shida, ya koyar da rabin garin nan, har da mijin Sumie, kuma a ganinsa an kunna masa iska a gaban jama'a an ce tsuntsu ne. Ni ma haka na gani. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata ko ƙarya za a yi ai a yi mai ɗan kunya.

Ran Laraba muka zauna mu uku a ɗakin taron unguwa, ni da Sensei da Manabe-san. Ita so take a kore ta kai tsaye. Sensei ya ce ba a taɓa korar kowa ba a shekara arba'in da biyar, ba zai fara ba. Ni na kawo mafita, kuma na ji daɗin kaina a lokacin. Na ce a ƙara doka: tsuntsun da ya shekara goma bai shiga kundi ba, ba ya dawowa da ji. Sai mutum biyu sun gan shi da ido. Ba a ambaci sunan kowa ba. Aka buga a takarda, Sensei ya sa hatiminsa, ni na ɗauki nata na kai mata da hannuna.

Na same ta tana shanya kaya. Ta goge hannu ta karɓa da hannu biyu, ta karanta a tsaye.

"Shigo ka sha shayi, Teraoka-san."

"A'a, wucewa zan yi. Shigeru yana lafiya? Ina yawan ganin motarsa."

"Lafiya lau. Matarsa ce a asibiti, ni nake yi musu abinci."

"Aiki kuwa ya yi musu yawa a kamfani, ko? Da wannan maganar ta gangaren sama."

Ta dube ni. "Shigeru bai san bambancin hankaka da shirwa ba."

"Ai ba sai ya sani ba."

Ta ninke takardar gida biyu. Ta nuna mini tagar ɗakin baya da haɓa.

"Shekara goma sha ɗaya ina zaune a wurin nan. Mama ba ta iya kira, sai dai in saurari numfashinta, in ya canza in tashi. Kunne ne aikina. Tagar a buɗe take saboda tana son iska, to duk abin da ke cikin dajin nan yana shigowa. Ban san sunayensu ba, amma na san ranar da kowa ke zuwa da ranar da yake tafiya. Wannan ɗin bai taɓa fashi ba ko shekara ɗaya." Ta juyo wajena. "Ƙarya kake cewa ina yi?"

"Ni ban ce ba."

"Takardar ta ce."

Na koma gida ina cewa lallai matar nan ta iya tsara magana. Haka zuciyata take a lokacin, duk abin da ta faɗa sai ya zame mini ƙarin hujja.

Lahadin farko na Yuni gari ya waye da lumshi. Na ƙudura ba zan bar ta ta keɓe da kowa ba, don akwai mutum biyu a cikinmu masu taushin zuciya da za ta iya shawo kansu su ce sun gani. Na bi bayanta taku da taku. A kwanar gora ta ɗan tsaya, ta karkatar da kai, sannan ta ci gaba ba ta ce komai ba, ba ta ko waiwaya wajen ba. Ni kuwa na tsaya. So nake in tabbatar babu komai, don in ta buɗe baki a sama in ce ina wurin. Na ɗaga madubina na bi gindin gorar a hankali.

Yana kan wani ruɓaɓɓen reshe, bai fi taku goma daga inda nake ba. Ruwan ƙasa, farin layi a saman ido, guntuwar wutsiya. Shekara goma sha biyar rabon da in gan shi, amma ko a mafarki ba zan ɓata shi ba. Bakinsa a wangale yake. Maƙogwaronsa na rawa, duk jikinsa na karkarwa har wutsiya, yana juya kai hagu da dama. Kuka yake yi iya ƙarfinsa. Ban ji komai ba.

Na sauke madubin, na cire hula, na riƙe numfashi. Ina jin rafi, ina jin takun mutanenmu a gaba, ina jin kurciya daga nesa. Na sake ɗagawa. Yana nan, baki a buɗe.

Abin takaicin shi ne ba sabon ilimi ba ne. Kowane mai kallon tsuntsu ya san cewa siririn sauti shi kunne ke fara saki idan shekaru suka ja, kuma yabusame ne na farkon tafiya. Da muna matasa mun sha yi wa tsofaffin wasu garuruwa dariya a kan haka. Amma mu tare muka tsufa, a hankali, ba wanda ya riga wani da yawa, kuma saran kamfani ya zo daidai lokacin ya ba mu wanda za mu ɗora wa laifi. Tara, shida, uku ɗin nan da na rubuta da hannuna, kunnuwanmu nake ƙirgawa.

Na iso farfajiya a ƙarshe, an riga an zuba shayi. Sensei ya fara kira. Da ya zo kan yabusame kowa ya saci kallon Sumie. Hannuwanta biyu suna riƙe da kofi, ba ta motsa ba. Manabe-san ta yi ɗan murmushi. Sai na ɗaga nawa.

"Ɗaya," na ce. "Na gan shi. A kwanar gora."

Sensei ya daɗe yana kallona. "Kai, Teraoka-kun?" ya ce, yadda malami yake kiran yaronsa.

"Ni, Sensei. Da idona."

"Tabɗi," in ji Manabe-san, ba ta ma rage murya ba. "An aike ka kai takarda, ashe zama ka yi shan shayi."

Na ga yadda suke dubana, su goma, kuma na gane kallon sarai, don wata biyu na yi ina yi wa wata irinsa. Sensei ya gyara murya ya tambaya ko akwai hannu na biyu. Na juya wajen Sumie. Har ga zuciyata roƙonta nake yi. Ta dube ni, ta dubi kofinta, hannunta bai tashi ba.

"Babu," in ji Sensei. "A bar gurbin."

Ni da kaina na bar shi a buɗe.

A saukowa ba wanda ya jera da ni. Na cim mata dab da gada, ina haki.

"Ochi-san. Me ya sa? Ke kin san yana wurin. Kin tsaya, na gan ki."

"Na ji shi. Ban gan shi ba."

"Da kin ɗaga kawai! Mu biyu ne, da ya shiga."

"Doka ta ce da ido, Teraoka-san. Kai ka kawo mini ita."

Muka ɗan yi tafiya. Na tambaye ta nawa ne yau, ta ce tara. Tara, a hanyar da na bi da ƙafata.

"Kin san abin da ke damunmu," na ce. "Kunnuwan."

"Tun Afrilu."

"Ba ki faɗa ba."

"In tsaya a gaban Sensei, da ku duka da kuka haife ni, in ce kun daina ji? In ce littafinsa fa?" Ta girgiza kai. "Na ɗauka in na kunna muku wayar wani zai gane da kansa."

"To da kin yi shiru tun farko, da ba a kai ga haka ba."

"Ya kira suna, ya ce wanda ya ji ya ɗaga hannu. Na ji."

Mun iso ƙofar gidanta. Na sunkuya, sunkuyon da ban taɓa yi wa na ƙasa da ni ba, na ce ta yafe mini. Na ce zan je wurin Sensei, zan sa a janye dokar, wata mai zuwa za ta ga bambanci. Ta bar ni na gama.

"Ka je in kana so," ta ce. "Amma ka san abin da za su ce yanzu. Za su ce mu biyu ne."

Ta ciro kofunan ƙungiya daga jakarta, a wanke, a naɗe cikin kyalle, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Wata biyu kuna cewa ina yi muku ƙarya. Da na ɗaga hannu yau, da ita ce ƙaryata ta farko."

Ta sunkuya ta shiga gida. Lahadin farko na Yuli na iso gada tun shida da rabi, na tsaya ina kallon ƙofarta har Sensei ya duba agogo ya ce mu hau.